Hannun Hagun Mai Aski

Duk wanda ya san Mai Aski ya san shi da baki da kuma hannu. Bakin ba ya hutawa. In ka zauna a kujerarsa, kafin ya gama maka gefe ɗaya ka ji sakamakon ƙwallo, ka ji wanda ya yi aure da wanda ya isa yi amma yake ta noƙe-noƙe, ka kuma ji wa'azin Lahadin da ta wuce har da 'yan gyare-gyaren da shi yake ganin ya kamata Fasto ya yi. Hannun kuwa sanyi gare shi. Yaron da ya cika wasu shagunan da ihu, in aka kawo shi nan gyangyaɗi yake yi.

Da hannun nan yake sallamar 'yarsa kullum da safe. Ita kaɗai Allah ya ba su, shekararta tara, ana ce mata Kanari don ko cokali ba ta iya wankewa sai da waƙa. In ta saɓa jakar makaranta sai ta zo gabansa ta sunkuyar da kai, shi kuma ya ɗora tafinsa a kan kitsonta ya sa mata albarka cikin sunan Yesu, ta ce amin tana gudu. Babu wanda ya ɗauki abin da nauyi, har shi ɗin. Sau da yawa yana yi yana laluben makullin shago da ɗaya hannun.

Sai ciwon kai ya fara. Aka ce rana ce, aka ce ido ne, aka ce ƙiwar makaranta ce. Sai amai da sassafe. Ranar da ta taho daga ƙofar ɗaki za ta tebur ta karkace ta bugi bango kamar wadda aka tura, uwarta ta ajiye wankin da take yi ta ce asibiti, yanzun nan. Daga ƙaramin asibiti aka tura su babba, a babban aka ɗauki hoton kan.

Likitar mace ce mai magana a hankali. Ta juyo musu allon kwamfuta, ta nuna wani farin tabo da bakin biro, can wajen ƙeya. Ta ce ƙari ne, ta ce za a yi tiyata, ta ce akwai fata amma ba za ta yi musu alkawarin abin da ba a hannunta yake ba. Maman Kanari ta tambaya tun yaushe abin yake ciki.

"Irin wannan a hankali yake girma," in ji likitar. "Ya daɗe."

Maman Kanari ta fashe da kuka. Mai Aski bai yi ba. Hannunsa ya tsura wa ido, yana kwance a kan gwiwarsa, hannun da ke gano ƙurji a cikin sumar ƙato tun mai shi bai san da shi ba. Wato duk safiyar da ya ɗora shi yana sa albarka, abin yana nan a ƙarƙashin tafinsa yana ƙara ƙiba. Ya san tunanin banza ne. Ba sai likita ta gaya masa cewa yatsa ba ya jin abin da ke bayan ƙashi ba. Amma sanin bai hana komai ba. Wani abu ya mutu a jikinsa a ofishin nan, shiru, yadda ƙafa ke mutuwa in an daɗe a zaune a kanta.

Aka ba su gado a ɗakin yara, na kusa da taga. Washegari ya kawo shayi a filas da kayan canji, ya ɗan zauna, ya tashi zai tafi shago. Kanari ta sunkuyar masa da kai daga inda take jingine, yadda ta saba. Ya kalli kitson, ya kalli tsagar da ke tsakanin layi da layi. Sai ya dafa ƙarfen gadon ya ce, "To, sai anjima," ya fita. Ba niyya ya yi ba. Hannun ne ya ƙi tashi, shi kuma bai matsa masa ba. Daga ranar ya koyi tsayawa a ƙarshen gado, wajen ƙafafu, hannuwa cikin aljihu.

Maman Kanari ta tare a asibitin ɗungurungum. Ita tana da inda take zubar da nata: ta yi kuka, ta yi addu'a, ta yi faɗa da nas a kan ƙarin ruwan da ya ƙare ba a zo an cire ba, ta dawo ta ba nas ɗin haƙuri. Shi kuwa sai kai-kawo. Ya karɓo magani, ya kai jini ɗakin gwaji, ya wanke kwanuka a famfon baya, komai daidai, komai a kan lokaci, kamar wanda aka aiko daga wani gida.

Masu dubiya ba su yanke ba. Matan zumunta daga coci suka zo da lemo da waƙa, maƙwabta suka zo, dangi suka zo. Mutane dai ba sa iya ganin ciwo su bar shi ba fassara. Wannan ta ce gwaji ne, waccan ta rage murya ta ce a bincika ko hannun maƙiya ne, wani kawu ya kawo labarin ɗan abokinsa da aka fasa wa kai ga shi yanzu har babbar mota yake ja. Mai Aski ya yi wa kowa godiya. In an ce a yi addu'a yakan rufe ido kamar kowa, sai ya ji ƙarar fanka, da kukan jaririn gado na ƙarshe, da tayar keken magani mai ƙiƙi-ƙiƙi tana wucewa a baranda. In aka ce amin ya ce amin. Iyakarta ke nan.

A shago ma bakin ya mutu. Masu zuwa aski suka riƙa zama a ɗarare, wasu har suna ƙoƙarin jan sa da ƙwallo, ya ce musu bai kalla ba. Aikin dai bai lalace ba. Kan kowa yana taɓawa lafiya lau, kai ɗaya ne a duniya ya gagare shi.

Wata rana da yamma wani dattijon cocinsu ya shigo, tsohon direba mai sanƙo, wanda gashinsa bai wuce na zagayen kunne ba amma ba ya fashin zuwa a gyara. Ya zauna, aka yafa masa ƙyalle.

"Yau kuma a rage ko a ƙara?" Dattijo ya tambaya, don tsokanar da Mai Aski ya saba yi masa ke nan.

Mai Aski ya yi ɗan murmushi ya kunna kilifar aski.

Dattijo ya dube shi ta madubi. "Ɗana, kana addu'a kuwa?"

"A'a, Baba."

"Fushi kake yi da Shi?"

"Da fushi ne ai da sauƙi. Ba na jin komai ne kawai. In na buɗe baki, kamar in yi sallama a gidan da kowa ya tashi."

Dattijo ya karkata kai aka gama kunne ɗaya. "Na san gidan nan," ya ce. "Lokacin da mai ɗakina take kwance na daɗe a ƙofarsa. Ba zan yi maka wa'azi ba, kai ne mai gyara wa Fasto nasa. Abu ɗaya na sani, shi Ubangijin namu ya ɗanɗana shirun nan a kan gicciye, ba baƙon abu ba ne a wurinsa. In ba ka iya yi, bari. Mu za mu yi maka har ka dawo."

"Na gode, Baba."

Ya kaɗe masa wuya, ya raka shi bakin ƙofa. Maganar ta shiga kunnensa ta sami wuri ta zauna, ba ta taɓa komai ba.

Ana jibi tiyata Maman Kanari ta biyo shi baranda ta ja shi gefen taga. Ta rame, idanunta sun faɗa.

"Baban Kanari, ka san abin da 'yarka ta tambaye ni yau?"

Ya girgiza kai.

"Cewa ta yi, wai ciwon nan ana ɗauka ne? Na ce a'a, wa ya gaya miki? Ta ce to me ya sa Baba ba ya taɓa kaina." Ta share ido da bayan hannu. "Ta ce ko albarkar ce ba ta kama kai mai ciwo."

Ya tsaya yana kallon wani mutum a ƙasa yana ƙoƙarin faka mota tsakanin wasu biyu.

"Magana nake yi maka!"

"Na ji."

"Ka ji, sai me? Ni ban ce ka yi kuka ba, ban ce ka yi azumi ba. Jibi za su shiga da yarinyar nan, ni da kai ba mu san yadda za ta fito ba. Kar ka bari ta shiga da tambayar nan a ranta. Hannu ne kawai, don Allah."

Ya koma ɗakin da niyya. Kanari tana kwance ta ba ƙofa baya, ƙeyarta a fili. Ya zare hannu daga aljihu, ya matso, ya matso, sai ya kama bakin bargo ya ja mata shi zuwa kafaɗa ya gyara. Washegari ma bargon ya gyara. Kunya ta kama shi, amma ita ma daga nesa ya ji ta, kamar ta wani.

Ranar tiyata ya iso kafin hantsi. Tun daga baranda ya jiyo muryar 'yarsa, wadda ya kwana biyu bai ji ta ɗaga ba. Uwar ta tsefe mata kitson tun jiya, gashin ya tashi buzu-buzu, ga wata nas tsaye da kilifar asibiti a hannu da tawul a kafaɗa. Kanari ta rufe kanta da hannu biyu ta ƙanƙame.

"Ba na so! Ba ke za ki yi ba!"

"Haba 'yammata," in ji nas ɗin, "ai zai sake tsirowa. Likita na jira fa."

"Babana mai aski ne. Shi zai yi."

Nas ta juyo ta dube shi. Mace ce da ta ga iyaye iri-iri, ba ta da lokacin dogon zance. "Da gaske mai aski ne kai?"

"Eh."

"To ga famfo can, wanke hannu da sabulun nan har gwiwa. Da tamu za ka yi, ba da taka ba. Ka kwashe duka, sauran gyaran a ciki za a yi."

Ya so ya ce a'a, bai sami ta inda zai fara ba. Ya wanke hannun, ya daɗe yana wankewa. Aka zaunar da Kanari a kujerar roba a gefen gado, ƙafafunta ba su kai ƙasa ba. Ya yafa mata tawul ya soke shi a bayan wuya, ya karɓi kilifar ya kunna ya saurari ƙararta. Haƙoranta sun ɗan dakushe, ya ji tun kafin ya gwada.

Sai ya yi abin da ko ɗan koyon jiya ba zai yi ba. Ya maƙale hannun hagunsa a bayansa, ya kai kilifar goshinta da dama kaɗai.

Wanda bai san aski ba yana zaton dama ce ke yi, don ita ke riƙe da ƙarfe. Dama turawa kawai take yi. Hagu ce ke riƙe kai, ita ke juya shi, ita ke miƙar da fata, ita ke naɗe kunne kar a yanke shi. Da ya tura, kan ya tafi baya, gashin ya sarƙe a haƙoran kilifar ya fizga.

"Wash! Baba!"

Hagun ta riga shi. Kafin ya yi wani tunani tana kan yarinyar, tafi a tsakiyar kai, babban yatsa a bayan kunne, yadda ta yi wa dubban kawuna.

Kan yana da ɗumi. Abin da ya fara ji ke nan, ya kuwa ba shi mamaki, kamar da ya ɗauka zai tarar da dutse. Ɗumi ne irin na yaron da ya tashi daga barci, ga wata jijiya a gefen goshi tana bugawa a ƙarƙashin ɗan yatsansa. Ya warware gashin da ya sarƙe, ya sake turawa a hankali, kilifar ta wuce sumul. Gashi ya fara sauka a kan tawul, daga tawul zuwa ƙasa. Maman Kanari ta juya ta fuskanci taga.

Kanari ta sauke kafaɗu. Ta lumshe ido, ta saki nauyin kanta gaba ɗaya a cikin tafinsa, in ya karkata shi dama ya tafi, in ya sunkuyar da shi ya sunkuya. Ya bi gefe, ya naɗe kunne, ya zagayo. Da ya iso ƙeya, daidai inda bakin biron likita ya nuna, ya tsaya. Fata ce kawai, mai laushi, da ɗan lotsawar da kowane yaro ke da ita a saman wuya. Ya shimfiɗa tafinsa a wurin ya bar shi.

"Hannunka sanyi," in ji Kanari, ido a rufe.

"Sabulunsu ne."

"Bar shi a nan."

Ya bar shi. Yana tsaye a bayanta, inda mai aski ke tsayawa duk rayuwarsa, sai wani tunani ya zo masa, ba da ƙarfi ba. Yarinyar nan ba ta ganinsa. Babu madubi a ɗakin, ba ta san abin da fuskarsa ke yi ba, ba ta san me ya rage a kanta ba, ƙarar ƙarfe kawai take ji a bayan kunnenta da hannun da ke riƙe da ita. Shi kuma duk kwanakin nan gabansa yake ta dubawa yana cewa ba kowa, bai taɓa tunanin mai riƙe da shi a bayansa yake ba. Bai ji wani haske ya sauko ba, bai ji kuka ya taho ba. Ya dai lura cewa bai faɗi ba tun ranar hoton, kuma ba shi ya riƙe kansa ba.

Nas ta yi gyaran murya. Ya ƙarasa ƙeyar, ya bi kan duka da tafi yana neman inda ya tsallake, ya kashe kilifar. Ya zare tawul ɗin ya kaɗe, ya hure mata wuya. Bakinsa kuma, da ya ga an zo inda ya saba, ya saki abin da yake gaya wa duk wanda ya tashi daga kujerarsa.

"Shi ke nan. Bayan sati biyu a dawo a gyara."

Nas ta sunkuyar da kai tana naɗe wayar kilifa. Maman Kanari ta juyo daga taga ta toshe baki da gefen mayafinta. Shi kansa sai da maganar ta fita ya ji abin da ya ce, ya tsaya da tawul a hannu.

Kanari ta shafa kanta da hannu biyu, ta yi 'yar dariya. "Baba, me za a gyara? Ai ka kwashe duka."

"Zai tsiro."

"To ka ajiye mini layi. Ban da sa ni jira bayan tsofaffi."

"Ke ce farko."

Aka kawo gadon turawa. Ya ɗauke ta da kansa ya kwantar, ba ta da nauyi ko kaɗan. Ya bi su har ƙofar ɗakin tiyata, hagunsa a kanta, yana tafiya a karkace don kar ya ɗaga, har inda nas ta ce daga nan ba a wucewa. Ƙofar ta rufe. Maman Kanari ta zauna a bencin wurin ta buɗe tafukanta a kan cinya ta fara motsa baki.

Ya ɗan tsaya kusa da ita, sai ya tuna bai share ba. Bai taɓa barin gashi a ƙasa wani ya share masa ba. Ya koma ɗakin yara, ya tarar mai shara ba ta iso ba tukuna, ya ari tsintsiya da abin kwasa a bayan ƙofa. Ya tattara na gefen kujera. Fanka ta kora wani ƙarƙashin gado, tsintsiyar ba ta kai ba, dole ya durƙusa ya miƙa hannu ya jawo shi.

Ya jawo, ya tara a tafinsa, baƙi, mai laushi, da sauran ƙamshin man da uwarta ke shafa mata. Ya yi niyyar tashi. Sai ya ga ai ya riga ya durƙusa, gwiwa biyu a kan siminti, goshinsa kusa da katifar da ta tashi a kai. Ya zauna a haka. Zuciyarsa tana nan yadda take, shiru, ba ta ba shi ko kalma ɗaya mai daɗi ba, sai ya yi da abin da yake da shi.

"Ubangiji," ya ce, da muryar da ta kwana biyu ba ta bi hanyar nan ba. "Na gama nawa. Su za su riƙe wuƙa. Kai ka riƙe mata kan."

Matar da ke jinyar jariri a gado na ƙarshe, wadda bai taɓa yi wa magana ba, ta ce amin a hankali ba ta ɗago ba.